Katifar Iska a Hanyar Dirku

A Janet, can kudancin Aljeriya, na fara ganin katifar da ake hurawa da baki, kuma da farko na ɗauka abin wasan yara ce.

Lokacin na ɗan jima a garin ba aiki. Mutumin da ya yi mini alkawarin gurbi a gareji ya daina ɗaukar wayata tun ranar da na sauka. Sana'a ɗaya na baro garinmu Gure da ita, faci. Tun ina ƙarami nake bakin tasha ina liƙe tayoyin moto, wato babur, da na amalanke. Amma a Janet kowane mai faci yana da ɗan'uwansa da zai ɗauka, ba wanda ke neman baƙo.

Wata safiya a bayan kasuwa na ji ana zagin jaki da Manganci. Ba zagin wasa ba, irin wanda ake haɗawa har da kakannin jakin. Na tsaya cak. Rabona da jin wannan harshe tun gida. Na leƙa, sai ga wani dogon mutum mai wushirya yana jan igiya, jakin ya kafe.

Na ce, "Wushe."

Ya saki igiyar ya juyo. "Kai, daga ina?"

"Gure."

"Gure ta ina?"

"Bayan tasha."

"Ni ɗan Kelle ne, kusa da ku, sunana Kyari. Me ya sa fuskarka ta yi kamar wanda aka yi wa sata? Ka ci abinci?"

Ban ci ba. Ya kai ni inda yake kwana, ya dafa taliya da kifin gwangwani, ya zauna yana kallona har na cinye. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka tun ranar nake ce masa Yaya Kyari, shi kuma ya ce mini Isa, ko ƙanena in ransa na da daɗi.

Aikinsa kora jakai ne a wurin wani mutum mai kai annasara, wato Turawa, yawon ƙafa a saman duwatsu. Mota ba ta hawa wurin. Jakai ke ɗaukar ruwa da abinci da tukunyar gaz, annasara kuwa kowa da jakarsa a baya. Maigidan mutum ne mai fara'a, kullum "ƴan'uwana" yake ce mana. Kyari ya kai ni gabansa ya ce, "Wannan ƙanena ne. Ya iya jaki, ya iya faci." Na farkon ƙarya ce, amma aka ɗauke ni.

Katifun nan, in an naɗe su ba su fi kwalbar lemo girma ba, nauyinsu kuma kamar na leda. In an warware aka hura sai su tashi kaurin yatsu huɗu, su raba mutum da sanyin dutse. Sai dai ƙasar can ƙaya ce da tsakuwa mai kaifi. Kusan kowace safiya sai ka ga wani annasara ya fito yana dafe da ƙugu, ka san tasa ta sace ya kwana a ƙasa.

Ta farko da aka miƙo mini ta wata tsohuwa ce mai gajeren farin gashi, mai tafiya da sanduna biyu. Madam kawai muke ce mata. Na yi abin da na sani: na kankare wurin, na shafa kol, wato gam ɗin taya, na manna guntun tib. Washegari facin ya ɓanɓare, ya bar baƙin tabo, kol ɗin ma ya ci fatar katifar. Na tsaya ina jiran faɗa. Madam ta duba, ta yi dariya, ta zauna a kan dutse ta buga gefenta alamar in zauna. Ta ciro wata ƴar jaka. Da ɗan Faransancin da na tsinta a lekol, makarantar boko, ta koya mini. A goge wurin da alkol, ruwan goge ciwo, a bari ya bushe. A yanka facin zagaye, don kusurwa ce ke fara tashi. Kol kaɗan, irin nata na cikin ɗan bututu. A danne sosai, kuma kada a hura sai washegari.

Ta ɗaga yatsa ta ce, "Abu ɗaya. Kada ka bar ta cike a rana. Iskar ciki za ta kumbura ta ɓalle ɗinkin da ke ciki, katifar ta yi ƙulu. Huda tana da magani. Ƙulu ba shi da shi."

Sauran na koya da kaina. A saman duwatsu ruwa na sha ne, ba a ɓata shi wurin neman huda. Sai in jiƙa leɓena da yawu in bi jikin katifar a hankali har in ji wani siririn sanyi. In na manna faci sai in danne da gindin butar shayi mai ɗumi. Kyari kan kira sauran masu jakai ya ce, "Ku zo ku ga Isa yana sumbatar katifa. Wannan in bai yi aure da wuri ba akwai matsala."

Ranar da ayarin Madam za su koma, ta kira ni gefe ta miƙo mini katifarta, mai ruwan goro, duk jikinta faci, har da baƙin tabon da na yi mata. Ta haɗa mini da ƴar jakar gyaran. Ta nuna gwiwoyinta ta ce sun gama, wannan ne hawanta na ƙarshe. Kyari ya juya katifar a hannu ya ce, "To, an ba ka iska kyauta." Na ce ya gwada kwanciya. Ya ce shi ɗan tabarma ne, ba zai hau abin da ke ƙara kamar ledar biskit duk juyi ba.

A saman duwatsun akwai zane-zanen mutanen dā a jikin koguna. Annasara su yi ta ɗaukar hoto, mu kuma mu zauna inuwa. Akwai wani kogo mai zanen shanu masu dogayen ƙahoni, duk zuwanmu sai Kyari ya tsaya gabansa. Ya ce, "Wallahi shanun Alakos ne, na can wajenmu. Dubi wannan jar, kamar in kira ta ta waiwayo." Daga nan sai hirar Kelle ta ɓalle, hurar matarsa Fanna, da mahaifinsa da idonsa ya yi rauni amma yana gane kowace akuya da kukanta. Ni kuma in tuna kwarin babana, inda lambunsa yake, yadda kake saukowa daga tudun rairayi mai ƙona ƙafa ka faɗa cikin inuwar dabino da sanyin rake. Wani lokaci mukan daina hirar da gangan, don tana hana cin abinci.

Zafi ya fara shigowa, annasara sun fara raguwa, muka yi hawan da aka ce shi ne na ƙarshe a shekarar. A hanyar saukowa akwai wani matsattsen wuri mai gangara. Jakin da ke ɗauke da tukwanen gaz ya zame. Kyari ya naɗe igiyarsa a wuyan hannu, kamar yadda ya saba. Na ga ƙafarsa ta bar ƙasa, na ji ƙarar tukwane suna bin dutse. Da muka sauka wurin, jakin ya riga ya miƙe yana kakkaɓe kunne. Kyari na kwance rigingine, idonsa a buɗe, ba jini ko ɗigo.

Ya ce, "Isa, ƙafafuna suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Yaya."

"To taɓa su."

Hannuna na kansu tun kafin ya faɗa.

A bargo muka sauko da shi har inda motoci ke jira. Wata annasara na ta kuka, wani ya ba shi ƙwayoyin rage ciwo. Maigida ya dafa ƙirji a gabansu ya rantse cewa da kansa zai kai ɗan'uwansa likita. Aka sa annasara a motarsu kat-kat, aka sa mu a wata. Na ga mun wuce kwanar shiga gari, na yi magana, ba a amsa ba. Sai a wani fili a bayan gari muka tsaya, inda ake loda wata babbar kamiyo, motar kaya.

Maigida ya ce, "Ku ba ku da takardu. In na kai shi za a kama shi, a kama ni, aikina ya mutu. A Dirku akwai likita, kuma ƙasarku ce. Na yi magana da direba." Ya sunkuya ya sumbaci goshin Kyari, ya shiga motarsa ya tafi.

Direban Batube ne, mutumin hamada, siriri, ba ya son magana. Ya dubi Kyari ya daɗe, sannan ya sa aka janye kaya aka yi wani ɗan rami a saman lodi, daf da bayan kan mota, inda girgiza ta fi sauƙi. Kwalayen taliya ne a ƙasa da buhunan dabino, mutane kuma a sama kowa ya rungume bidonsa na ruwa. Na warware katifar na hura, muka ɗora shi.

Ya lumshe ido ya ce, "Ashe haka take. Kamar a kan ruwa."

Kusa da mu akwai wata dattijuwa ƴar Damagaram da ta yi shekaru tana wankau a Aljeriya, za ta koma gida. Inna muke ce mata. Ba ta tambayi komai ba, ta kwance mayafinta ta ɗaure tsakanin sanduna biyu ta yi masa inuwa.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun tayoyi ne a kan dutse da rairayi. In katifar ta yi laushi, duk ramin da muka faɗa sai bayansa ya bugi kwali ya yi ihu. In na cika ta tam, ga rana. Na zaɓi cikawa. Da azahar ta yini na biyu muka ji fat! a ƙarƙashinsa, wani ƙulu kamar kan jariri ya taso daidai ƙugunsa. Ihun da ya yi har direba ya ji a cikin mota ya tsaya. Muka gyara masa kwanciya ya kauce wa ƙulun, na rage iskar. Daga baya wata wayar ɗaurin kwali ta huda ta ta gefe. Wannan na gan ta. Da aka tsaya shayi na goge, na yanka facin zagaye, na danne da butar direba. Madam ta ce sai washegari ake hurawa. Ba mu da washegari, shayi na ƙarewa na hura. Facin ya kama, Allah ya taimaka.

Amma katifar ba ta daina saukowa ba. Akwai wata hudar a wani wuri ƙarƙashinsa, ƙarama, ba ta ƙara. Na bi duk inda leɓena zai iya kaiwa ban same ta ba, kuma ba halin ɗaga shi, don cikinsa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ko yatsa aka sa masa sai ya yi nishi. Abin da ya rage shi ne hurawa.

Bakin katifar yana daidai kunnensa na hagu. Nakan zura hannu ƙarƙashin ƙugunsa. In yatsuna suka ji kwali, sai in durƙusa in buɗe in sa baki. Hura katifa da mutum a kai ba kamar hura ta ba kowa ba ne, iskar tana turo ka baya, sai ka yi kamar mai tura jaki a hawa. In na ɗago sai in ga duhu-duhu da taurari tsakar rana. Leɓena ya tsage, bakin katifar ya yi ja. Inna ta ciro wani ɗan gwangwani na man shanu ta shafa mini da yatsanta, ta ba ni ƙwallon dabino ta ce in riƙa tsotsa don yawu. Wani saurayi ɗan Tawa ya ce zai karɓe ni, ya gwada sau ɗaya jiri ya kwashe shi, ya koma wurinsa yana ba ni haƙuri.

In hankalin Kyari ya dawo yakan ce, "Isa, rage wa kanka. Iskar taka za ta ƙare."

"Ba ta ƙarewa, Yaya. Kyauta ce, kai ka faɗa."

Ya yi ɗan murmushi. "Ina jin ka a bayana. Kana ɗaga ni kaɗan-kaɗan."

Daga baya ya bar Hausa gaba ɗaya ya koma Manganci. Yana kiran awaki da sunayensu. Yana ce wa wani ya rufe ƙofar garke.

Ranar da direba ya ce in Allah ya yarda kafin faɗuwar rana za mu ga dabinon Dirku, da hantsi na zura hannu na ji kwali. Na durƙusa na sa baki. Daga inda nake, idona na daidai ƙirjinsa. Na hura, na ga ƙirjin ya tashi. Na ja iska, ya ɗan sauka. Na sake hurawa, ya tashi. Raina ya yi sanyi, na ce a zuciyata yau numfashinsa ya daidaita, babu wannan gurnanin na jiya, barci ya samu. Na ci gaba. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Inna ce.

Ta ce, "Ɗana, bari haka nan. Kai kaɗai ke numfashi."

Ba wanda ya buga wa direba mota don ya tsaya, ko an buga ban ji ba. Na dai ga mun tsaya. Ya hawo ya duba, ya kwance farin rawaninsa ya miƙo. Aka zagaya da tasa, kowa ya tsiyaya daga bidonsa, har waɗanda nasu ya kusa ƙarewa. Wani tsoho ya yi masa wanka da wannan ɗan ruwan, ya ja mu salla. Muka haƙa da shebur ɗin fidda mota daga rairayi, muka jera duwatsu, direba ya mirgino tsohuwar taya ya kafa a wajen kai. Ba itace, ba tudu, ba abin da zan iya nuna wa wani in ce nan ne.

Da za mu tashi na ɗauki katifar. Ba a naɗe ta sai an buɗe bakin an matse. Na durƙusa a kanta, iskar ta fita da wata doguwar ƙara kamar ajiyar zuciya, da warin bakina da zufarsa. Na ga mutane sun kau da kai.

Daga Dirku na sami waya na kira wani ɗan Kelle mai shago a Gure, na ce ya kai labari. Sauran hanyar, Agadas, Damagaram, ban riƙe komai a cikinta ba. Na san dai Inna ta sauka a Damagaram, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi mini addu'a, kuma har muka rabu ban tambayi sunanta ba.

Na koma bakin tasha da facina. Hannu bai manta ba. Abin da ya canza wani ne daban. In na shiga gida da rana na tarar da mahaifiyata ta kishingiɗa tana barci, sai in tsaya a kanta ina kallon ƙirjinta, in riƙe numfashina. Sai na ga ya tashi ya sauka alhali ni ban shaƙa ba, sannan in wuce. Haka nake yi wa duk mai barci, ko fasinja ne a kan benci. Har yau ban daina ba. Katifar kuwa na kai ta kwarin babana na nutsa ta a ruwa gaba da baya, ko kumfa ɗaya ban gani ba. Amma ka hau ta ka ɗan jima, sai ka ji ƙasa.

Da na ɗan sami ƙarfin jiki na hau motar kasuwa zuwa Kelle. Aka nuna mini gidan. Mahaifin Kyari na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, tsoho siriri, idanunsa sun yi fari. Fanna na bayan zana, ina jin motsinta. Na durƙusa na yi gaisuwa, muka yi addu'a. Ya sa na ba shi labari tun daga faɗuwar. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, "An yi masa salla?"

"An yi, Baba. Da wanka, da likkafani."

"Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Da ya cika, a ƙasa yake? A kan ƙarfen mota?"

"A'a, Baba. A kan katifa yake."

"Wace irin katifa a cikin hamada?"

Na ciro ta daga jaka na sa masa a hannu. Ya auna nauyinta, ya warware, ya bi ta da yatsu. Ya tsaya a kan kowane faci. Ya tsaya a inda ƙulun ya saki fatar. Na yi masa bayanin yadda take tashi, da yadda take sacewa, da yadda ake yi in ta sace.

Ya ce, "Ina ake sa baki?"

Na kai yatsansa wurin. Na ce bari in hura masa, ya ture hannuna. Ya sa bakinsa ya hura. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya huta, ya sake. Katifar ko motsi ba ta yi sosai ba, gefe ɗaya ne ya ɗan ɗago. A karo na gaba tari ya sarƙe shi, na riƙe kafaɗarsa har ya lafa. Ya zauna yana haki, katifar a kan cinyarsa.

Ya ce, "Kuma da shi a kai."

"Da shi a kai, Baba."

"Duk hanya?"

"Duk hanya."

Ya laluba ya kamo wuyan hannuna ya riƙe gam. Ya juya fuskarsa wajen zana.

"Fanna. Kawo wa yaron nan ruwa. Ki cika kwanon."